Ƙudan Zuman Ɗan Fenti

Abin da ya fara haɗa Mai Sabulu da Ɗan Fenti wata 'yar takarda ce da ba ta kai tafin hannu ba. Lokacin ba ta daɗe da rasa mijinta ba, ta koma dafa sabulu a bayan ɗakinta don kada ta zauna tana kallon hannun dangi. Takan yanka shi gunduwa-gunduwa, ta naɗe a farar leda, ta jera a tire bakin ƙofar gidan hayar da suke. Shi kuwa yana ɗakin ƙarshe, kusa da famfo, da matarsa da tagwayensu mata. Wata safiya ya fito sayen burodi, sai ya tsaya a kan tiren, ya ɗauki guda ya sansana, ya juya shi gaba da baya.

"Inna, sabulun nan naki tsirara yake yawo."

"Kai, ɗan nan, ka ji tsoron Allah da sassafe."

"Wallahi kuwa. Ga ƙamshi, ga kumfa, amma ba riga. Wa zai san naki ne?"

Ta yi dariya, ta manta da zancen. Kwana kaɗan sai ga shi da ƙunshin ƙananan takardu masu gam a baya. A jikin kowace akwai ganyen lemo kore shar, ɗigon ruwa yana lilo a bakinsa kamar yanzu zai faɗo, a ƙasa an rubuta Sabulun Inna da wani rubutu mai wutsiya. Ta kwance bakin zani za ta biya, ya ja da baya kamar ta miƙo masa garwashi. Ya ce in ta sake yi masa maganar kuɗi zai daina gaishe ta. Daga ranar masu saye suka daina cewa a ba su sabulu, sai dai a ba su mai ganye.

Ɗan Fenti ya gaji sunan ne daga mahaifinsa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rubuta allunan shaguna da buroshi a wani lungu ƙarƙashin matakalar bene. A can ya tashi, yana dama fenti, yana wanke buroshi da kananzir, har hannunsa ya faɗa. Tsohon yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya karɓar ko kafin alƙalami. Sai ya gama allo tsaf, ya jingine shi a bango, mai shago ya zo ya tsaya ya duba, sannan a yi maganar kuɗi. "Ido ya gani, hannu ya biya," haka yake cewa. A lungun nan dokar ta yi aiki, domin wanda ya ɗauki allo ya gudu, ina zai kafa shi? Ai a kan titin nan ne dai, inda kowa zai gani.

Da injinan buga alluna suka shigo, buroshi ya kwanta. Ɗan Fenti bai tsaya kuka ba. Ya koyi kwamfuta, ya yi shekaru a wani shagon ɗab'i, da shagon ya rufe sai ya sayi tsohuwar kwamfuta ya kafa teburi a ɗakinsa, tsakanin gado da taga. Ya ce ya shiga kasuwar intanet, inda masu neman a yi musu tambari daga ko'ina a duniya suke kafa buƙatarsu, masu zane su taru a kai kowa ya faɗi nawa zai yi.

Mai Sabulu ba ta yi nisa a makaranta ba, amma kasuwa ta san ta tun tana yarinya. Ta tambaye shi, "To wa ke shugabantar kasuwar taku? In wani ya cuce ka, gaban wa za ka kai shi?"

"Akwai inda ake rubuta ƙorafi, Inna."

"Ba wurin rubutu na tambaya ba. Mutum nake tambaya, mai fuska."

Ya yi dariya ya ce duniya ta wuce nan. Ita ba mai jayayya ba ce, amma maganar ta zauna mata a rai.

Kuskurensa na farko har ita sai da ta yi masa dariya. Ya sa farashi da ɗan tsawo, yadda kowane mai hankali yake yi, don a taya ya rage, a haɗu a tsakiya. Ya zauna yana jiran mai tayi. Shiru kake ji. Ashe a can ba a tayi. Mai saye yakan bi jerin ne da ido, ya tsallake duk wanda ya fi tsada ko sallama babu, ya sauka kan na ƙasa. Da ya gane, ya rage. Ya sake ragewa. Aka ce masa kuma sai ya tara taurari, wato yabon da masu saye ke bari bayan aiki, kuma baƙo ba ya samun tauraro sai ya yi aiki kusan kyauta. Ya yi. Da taurarin suka ɗan taru ya ce bari ya ɗaga kai, sai ya tarar waɗanda suka saba da shi a kan araha sun ɗauka darajarsa ke nan.

Cikin masu karya farashin akwai guda da ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ba a san sunansa ba, ba a san ƙasarsa ba, hoton da ya sa a shafinsa ma na damisa ne. Duk aikin da Ɗan Fenti ya nema, sai ya tarar da shi can ƙasa, ya faɗi kuɗin da ko data ba zai saya ba, ya yi alkawarin gamawa kafin rana ta faɗi. Ɗan Fenti ya laƙaba masa Araha. Har tagwayen suka iya sunan. In suka ga ubansu ya dafe kai gaban kwamfuta, sai ɗaya ta ruga ta ce, "Inna, Araha ya sake zuwa."

"Yaya mutum zai zana tambari kafin shayi ya huce?" yake ce wa Mai Sabulu yana huci. "Ba zane yake yi ba. Tsinto na mutane yake, ya sauya launi, ya miƙa. Su kuma masu sayen, da ido a fuskarsu kamar na kowa!"

"Araha ba ta ado," in ji ta, don ta sanyaya masa.

"Ba ta ado, Inna, amma ita ke cin kasuwa."

A nan ne ran Mai Sabulu yake ɓaci, duk da ba ta cika nunawa ba. Ita ma an taɓa karya mata farashi. Wata mata ta kafa tire a ƙofar gida na gaba, tana sayar da sabulu mai yawan ruwa a rabin kuɗi. Amma matar tana da fuska, tana da ƙofa. Mai Sabulu ta yafa mayafi ta je ta gaishe ta, suka yi magana irin ta manya, kuma da masu saye suka ga sabulun yana narkewa kamar ƙanƙara suka dawo da ƙafarsu. Shi kuwa wannan bawan Allah da wa zai yi magana? Mai sayen ba zai dawo ba balle ya gane an cuce shi, mai karya farashin ba shi da maƙwabcin da zai ji kunyarsa. Kasuwar da babu kunya a cikinta, ina mai kirki zai sa ƙafa?

Matarsa, wadda gidan ke kira Maman Biyu, kitso take yi a tsakar gida, kuma da kuɗin kitson nan ake cin abinci mafi yawan kwanaki. Ba muguwar mace ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Yayanta yana da babban shagon tayil a bakin titi, kuma ya daɗe yana cewa mijin ƙanwarsa ya zo ya riƙe masa sito, ya riƙa lura da lodi da saukewa. Duk zuwan da zai yi gidan sai ya leƙa ɗakin ya ce, "Ranka ya daɗe, mai aiki da ƙasashen waje! Yau daga wace nahiya aka turo mana gaisuwa?" Ɗan Fenti ya yi yaƙe, ya haɗiye.

Ana haka sai ga aikin Mai Zuma. Wani mutum ne a wata ƙasa mai nisa, yana da gonar zuma, yana son tambarin da zai sa a kwalabensa da motocinsa, ya kuma ce wanda ya dace da shi zai riƙe shi ya yi masa duk sauran ayyukan kamfanin. Ya ce shi ba araha yake nema ba, mai hannu yake nema, kowa ya nuna abin da zai iya. Ɗan Fenti ya karanta wa matarsa saƙon yana fassara mata.

Maman Biyu ta ajiye matajin da ke hannunta. "Baban Biyu, na ji. Amma mu yi magana ɗaya a gaban Inna, ta zama shaida. In wannan ya ci, ba zan sake buɗe baki ba. In bai ci ba, ka je wurin Yaya."

Ya dubi Mai Sabulu, ya dubi ƙasa. Ya ce ya yarda.

Bai taɓa kwamfuta ba da farko. Ya ciro tsofaffin buroshin mahaifinsa daga cikin gwangwani, ya shimfiɗa farar takarda a kan tabarma a inuwar bango, inda haske ya fi kyau. Ya sayo zuma a 'yar kwalba ya ɗiga a faranti, ya zauna yana kallon ƙudan zuman da suka sauka a kai, yadda suke naɗe ƙafa, yadda suke karkata ciki. Mai Sabulu tana juya tukunyarta tana satar kallonsa. Ba ta taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Ya zana ya yaga, ya zana ya yaga, har ranar da ƙudan ya fito: yana saukowa kan ɗigon zuma, fukafukai a buɗe, kai ka ce za ka ji ƙuginsa.

Yana kan jan layin ƙarshe na fiffiken hagu sai ƙaramar tagwayen ta taho a guje, 'yar'uwarta na bin ta, ta bangaji gwiwar hannunsa. Layin ya ɗan goce, bakin fiffiken ya lanƙwashe. Uwar ta yi kanta da tsawa. Shi kuwa ya ɗaga takardar ya daɗe yana dubawa, sai ya fashe da dariya.

"Ƙyale ta. Wallahi ta fi ni iyawa. Dubi, Inna, yanzu ne ya zama mai rai, kamar iska ta taɓa shi."

Ya bar shi haka, ya ɗauke shi ya shigar a kwamfuta, ya gyara launi. Da ya zo turawa, Maman Biyu tana tsaye a bayansa. Zama da mai sana'a ya sa ta san abubuwa. Ta ce, "Ba za ka buga masa hatimin nan a kai ba? Wanda kowa ke shimfiɗawa a kan samfuri don kada a ɗauka?"

"In lulluɓe fiffiken da rubutu? To me zai gani?"

"Zai ga abin da zai saya in ya biya."

"Mutumin ya yi mini magana ta mutunci. In na buga hatimi ai na ce masa ɓarawo ke nan tun kafin mu gaisa. Baba bai taɓa rufe allo da tsumma ba don mai shago zai zo dubawa. Ido ya gani, hannu ya biya."

"Baba yana ganin mai shagon, Baban Biyu. Kai wa kake gani?"

Ya tura shi fes, ba hatimi, ba komai.

Amsa ta zo da wuri. Mai Zuma ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba, zai yi shawara da abokan kasuwancinsa. Ranar Ɗan Fenti ya sayo wa tagwaye alawa. Daga nan kuma ɗif. Ya tura gaisuwa, shiru. Ya sake turawa, shiru. Sai wata rana aka nuna an rufe aikin, an ba wani.

Da azahar ne abin ya fashe. Mai Sabulu ta idar da salla ke nan ta ji an buga teburi har kwanuka suka amsa. Ɗan Fenti ya fito tsakar gida da kwamfutar a hannu, wayar caji tana jan ƙasa a bayansa, idanunsa jawur.

"Inna, zo ki gani. Ke ce shaida, zo ki gani da idonki!"

Shafin Araha ne, ga damisar nan a sama. A ƙasa, cikin ayyukan da yake tallar kansa da su, ga ƙudan zuma. An sauya ruwan zumar ya koma ja-ja, an ƙara wani zobe a kewaye wanda bai da dalili. Ƙarƙashinsa taurari sun cika reras, da yabon Mai Zuma: mai sauri, mai sauƙin kuɗi, mai basira.

Ba ta iya karanta yaren ba, sai da ya fassara mata. Amma fiffiken hagu ba ya buƙatar fassara. Ta sa yatsa a kan gilashin, daidai inda ya lanƙwashe.

"Wannan ai hannun 'yar nan ne," ta ce a hankali. "Har gocewar suka kwashe."

"Har ita! Bai ma san kuskure ba ne. Ɗauka ya yi ya ɗora takarda a kai ya bi layi, kamar ɗan aji ɗaya. Shi kuma wancan mai bakin zaƙin, da ya ce mai hannu yake nema, ashe hannun kyauta yake nema!"

Maman Biyu ba ta ce na faɗa maka ba. Ta bar kan da take kitsawa a rabi, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ya rubuta ƙorafi a wurin da ya taɓa ce wa Mai Sabulu ana rubutawa. Ya haɗa da hoton takardar asali, da buroshin a gefe. Amsar da ta dawo ba mutum ne ya rubuta ta ba, daga jin ta. An gode masa da tuntuɓa. An ce tunda ba a ƙulla yarjejeniya tsakaninsa da mai sayen ba kafin ya tura aikin, babu abin da za a iya yi, kuma ana shawartarsa ya riƙa kare samfurinsa nan gaba. A ƙarshe aka tambaye shi ko amsar ta gamsar da shi, ya zaɓi fuska mai murmushi ko mai ɗaure.

Sai ya rubuta wa Araha kai tsaye. Mai Sabulu ba ta san abin da ya rubuta ba, ta dai ga yadda yatsunsa ke dukan madannan. Wannan karon an amsa, kuma amsar ce ta ƙarasa shi. Ya karanta mata da wata murya da ba ta san shi da ita ba:

"Ɗan'uwa, kada ka yi fushi, kasuwa ce. Hoto aka ba ni aka ce in yi irinsa. Amma hannunka yana da kyau. Ina samun aiki fiye da ƙarfina. In kana so ka riƙa zana mini, ni in riƙa turawa da sunana, in ba ka wani abu a kai."

Mai Sabulu mace ce da ko kaza ba ta zagi. Amma ranar saura kaɗan ta yi zagin. A sace maka akuya, sannan ɓarawon ya dawo ya ce ka zo ka riƙa yi masa kiwo! Da la'asar ta zauna a kan darduma ta ɗaga hannu za ta kai ƙara, sai ta tarar ba ta san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, daga mai damisa sai mai zuma. Ta ce, "Ya Allah, Kai ka san sunayensu, ka san ƙofar gidajensu." Ta yi istigfari saboda zafin da ke ranta, amma zafin bai tafi ba, kuma har yau in ta ga kwalbar zuma a shago sai ta juya ta ta duba fiffiken.

Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ya yi kwanaki bai ba Araha amsa ba. Ta lura da shi yana zaune gaban saƙon, yana buɗewa yana rufewa. Ta gane lissafin da yake yi: in ya karɓa, zai ci gaba da riƙe buroshi, ko da a ƙarƙashin damisa ne. In ya ƙi, sai sito. Ta ci gaba da yankan sabulunta. Ba a shiga tsakanin mutum da abincinsa.

Ranar da ya yanke, ya fito da safe cikin tsohuwar riga, ya nannaɗe kwamfutar a zanin gado ya tura ƙarƙashin gado. Ya ce wa matarsa ta kira yayanta. Ya ce gara ya ɗauki tayil a ka da sunansa, da ya zana ƙuda da sunan wani.

Yanzu can yake. Yana fita kafin tagwaye su tafi makaranta, ya dawo da farar ƙura a gira, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Mai tayil ya daina yi masa ba'ar nahiyoyi, sai dai yakan ce wa baƙi, "Wannan surukina ne, da can injiniyan kwamfuta ne," kuma wannan ta fi ba'ar ciwo. Ana cin abinci a ɗakin ƙarshe ba tare da an jira kuɗin kitso ba. Maman Biyu ta yi ƙiba kaɗan. Ba wanda zai ce ba a samu sauƙi ba, amma Mai Sabulu ba ta yafe ba.

Wata ranar hutu da yamma tana manna takardu a jikin sabulu, sai ya zo ya tsuguna gefen tiren kamar ranar farko. Ya ɗauki guda ya daɗe yana kallon ganyen lemon. Ya buɗe hannunsa ya rufe, yatsun sun yi tauri.

"Inna, rigar nan ta tsufa."

"Ni ba ta tsufa mini ba. Masu saye sun san ta."

"Na sani. Ba don su ba ne." Ya ajiye sabulun a hankali. "Alfarma nake roƙo. Duk sanda takardunki suka kusa ƙarewa, kada ki kai a sake buga tsohuwar. Ki faɗa mini in zana miki sabuwa, da buroshi. Ko ganyen ne in juya shi wani gefen. Ina tsoron wata rana in ɗauki buroshin Baba hannun ya ce bai san ni ba. Kuma don Allah, Inna, in na kawo, ki tsaya ki duba da kyau tukuna kafin ki ce ya yi."